Bargon da Gwaggo Ta Kasa Rufe wa Baki

Allah da Ya ba mu aron Gwaggo Ya karɓi abarSa ranar wata Talata da hantsi, damina tana haɗa kayanta, gero ya fara sunkuyar da kai. Daga gare Shi muke, can kuma za mu koma. Ita dai ta riga mu ne.

Na halarci zaman makoki ba iyaka, daga Bebeji har Kiru, amma ban taɓa ganin irin nata ba. Mace za ta shigo da salati tun daga zaure, ta zube gaban uwargidana tana kuka kamar ranta zai fita. Kafin a miƙo mata ruwa sai wata daga gefe ta ce, "Kin tuna ranar da ta kori mai tallan maganin basur da muciya?" Shi ke nan, sai kuka ya sarƙe da dariya, a rasa wanne ake yi. Liman ya aika cikin gida a ce musu su sassauta, gidan rasuwa ne. Ɗan aiken bai fito ba sai ga mu nan waje mun ɓarke da tamu, domin ladan ya share hawaye ya ce, "Allah Ya jiƙan baiwar Allah. Ita ce ta aiko mini da zuma a kwalba, ta ce in riƙa lasa kafin kiran asuba, wai muryata tana hana kajinta yin ƙwai." Liman ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa.

Masuntan bakin dam ɗin Tiga suka zo da kwandon kifi na sadaka, alhali duk sun san ra'ayinta a kan kifi. Babbansu ya ajiye a hankali ya ce, "Da tana nan da tuni ta ce mu fitar mata da ƙarni daga gida." Wata tsohuwa maƙwabciyarmu kuwa ta zauna ta yi tagumi ta ce, "To yanzu wa zai riƙa gaya mana laifinmu ba mu tambaya ba?" Da gaske ta faɗa, kuma a nan babu wanda ya yi dariya.

A wurin zaman ne na dubi ƙananan 'ya'yana, waɗanda aka haifa bayan ruwan Tiga ya ci tsohon garinmu, na ga nan da 'yan shekaru ba abin da za su iya tunawa game da ita sai "wata tsohuwa mai faɗa". Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni dai kowa ya san ni, mai sarin kifi a bakin dam in kai Kwanar Dangora, kuma kowa ya san bakina yana da ƙari. In na ce muku kifi ya kai jaki, ku ɗauka ya kai ɗan akuya. Amma a kan Gwaggo ko ban zuba gishiri ba, miyar ta ji.

Yayar mahaifina ce. A hannunta na tashi, a gidana kuma ta tsufa. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kirana da komai ba sai "Babana", ko da za ta zage ni ne. "Babana, kai dai sakarai ne," haka take farawa, cikin ladabi.

Ban taɓa ganin hannunta a zaune ba. Taskirar kaɗi tana gefenta kullum, da mazari, da ɗan alli, da goro ɓari guda da take ci tun safe bai ƙare ba. Abawarta, wato zaren nan mai kauri, har daga wasu garuruwa ake aikowa a saya. Kuma ba hannunta kaɗai ba, hannun kowa haushi yake ba ta in ta gan shi ba aiki. Ka zo gaishe ta, kafin ka kai "ina gajiya" ta rataya maka zare a hannu biyu tana naɗewa. Mai unguwa ya taɓa shigowa sasanta rikicin iyakar gona, ya yi shari'ar tun daga farko har ƙarshe hannuwansa a miƙe kamar mai roƙon ruwa.

Da aka tashe mu saboda dam, kowa na ta ɗaure gado da tukwane, ita buhunan audugarta ta fara ɗorawa a mota, ta zauna a kai. Bayan mun tare a sabon wuri, ruwa ya taso ya rufe gari, sai ta ɗauki wata al'ada. Kowace safiya ta fita bayan gida ta tsaya ta dubi ruwan, ta ce, "To, ka ci gonar, ka ci rijiyar, ka ci kukar bakin kasuwa. Ka ƙoshi?" Ta juyo abinta. Kifinsa kuwa ta ce har abada ba za ta ci ba, wai duk tarwaɗar da na kamo a ɗakin wani ta kwana.

Sanyin farko da muka yi a bakin ruwan nan, ɗakuna ko daɓe ba a gama ba, wata Bafillatana mai kawo mana nono ta haihu. Gwaggo ta ɗauki gwadonta guda ɗaya mai kyau ta ba ta. Uwargidana ta ce, "Gwaggo, ke fa?" Ta ce, "Ƙuma ne suka cika shi, na gaji da susa." Ƙarya take, Allah Ya gafarta mata. Da buhun auduga ta riƙa rufe ƙafa har sanyin ya wuce, kuma duk wanda ya tayar da maganar sai ya sha zagi. Haka alherinta yake, kullum a naɗe cikin faɗa.

To, ba za a fahimci Gwaggo ba sai an san Baffan Doguwa. Taubashinta ne: shi ɗan mace, ita 'yar namiji, don haka tun suna yara take kiransa "bawana", shi kuma yana ce mata "Uwar Surutu". Masaƙi ne na gaske. A tsohon gari ita ke kaɗa abawa, shi ke saƙa ta, kuma ba a taɓa miƙa zare tsakaninsu ba a yi gardama ba. Da ruwa ya zo, rumfar saƙarsa ta tafi ƙarƙashinsa, shi kuma ya bi babban ɗansa can Doguwa, gindin duwatsu. Bai sake kafa wata rumfar ba, domin hannunsa ya fara rawa, ƙoshiyar saƙa ba ta zama a cikinsa.

Wanda bai kwana a Doguwa da sanyi ba bai san sanyi ba. Can ne za ka yi magana da asuba, kalmar ta daskare, sai hantsi abokinka ya ji abin da ka ce. A cikin wannan sanyi Baffa yake kwana da gwadonsa na ƙarshe da ya saƙa da hannunsa, wanda ya tsufa har ana iya tace koko da shi. Ɗansa ya sayo masa bargon kanti, Baffa ya ce jikinsa bai taɓa kwana cikin aikin inji ba. Aka samo masa gwado daga wani masaƙi, ya juya shi ya ce, "Ni zan lulluɓa da aikin yaron da bai iya daidaita gefe ba?" Ya ba Almuru, wato karen gidan, ya kwanta a kai. Sai tari ya kama shi.

Gwaggo ta je dubiya, ta dawo. A ranar ne na fara ganin ta shigo gida ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta kira ni ta ce, "Babana, bawan nan nawa taurin kai zai kashe shi. In ya ci gaba da kwana cikin tsumman nan, ta'aziyya za mu je. Kyauta ba zai karɓa ba. Sai dai a kayar da shi."

"A kayar da shi da me, Gwaggo?"

"Je ka saro mini gora biyu, masu tsawon hannunka har kafaɗa da ɗan ƙari."

Ashe tun ana ginin dam, shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, lokacin tana kai man gyaɗa gidajen ma'aikatan ruwa, ta ga matar wani akawu tana saƙa hular jariri da tsinke biyu da zaren ulu. Ta zauna ta sa ido, matar ta nuna mata yadda ake ɗora zare a kan tsinke da yadda ake ɗebo shi daga wannan zuwa wancan. Gwaggo ta dawo ta shelanta wa gari cewa ta sauke karatun saƙar zamani. Ba a jima ba aka yi wa akawun canjin wurin aiki, suka tafi.

Na feƙe mata gorar, na goge ta da ganyen baure har ta yi santsi, ta soka ƙwallon goruba a gindin kowace don kada zare ya zame. Ta ɗauko abawarta ta tufka uku-uku har ta kai kaurin ɗan yatsa. Rabi ta bar ta fara, rabi ta aika aka rina da baba. Ta fara. Salo ɗaya ta iya, shi take yi gaba da baya, sai ga abu yana fitowa tudu da kwari, tudu da kwari, kamar kunyoyin gona bayan huɗa. In ka shafa sai ka ji kamar ka kwanta a kai ka manta da iyali.

Da babbar Sallah Baffa ya sauko yawon gaisuwa, yana tari yana dogara sanda. Ita kuwa ta baje a tsakar gida daidai inda zai wuce, liman da 'yan'uwa duk suna nan.

"Wannan kuma mene ne, Uwar Surutu? Tuwo kike tuƙawa da muciya biyu?"

"Saƙa nake yi, bawana. Gaida uwargijiyarka tukuna."

"Saƙa? Ba ƙoshiya, ba zaren tsaye? Wannan ai komar kamun kifi ce. Kin zauna da masunta har kin zama ɗaya."

Na ga jijiyar wuyanta ta motsa, amma ta daure.

Ya sunkuya ya duba da kyau, ya ce, "Zare ɗaya ne tal yake bin kansa. Ranar da kika zare sandunan nan, in kama baki in ja, sai ya warware har ya koma gonar auduga."

"In bai warware ba fa?"

"In bai warware ba, in lulluɓa da shi in zagaya kasuwar Kwanar Dangora da tsakar rana, cikin bazara. Amma ba allura, ba keken tela."

"Kuma ka kwana cikinsa duk sanyin da Allah Ya kawo, har ranar da na ce na sake ka."

"Har da wannan!"

Ta juya ta ce, "Malam, ka dai ji?" Liman ya ce ya ji, jama'a ma sun ji. Ta koma kan aikinta tana murmushi kamar wadda ta kama ɓarawo a rumbu.

Kafin damina ta faɗi bargo ya kai tsawon mutum. Muka ce barka, an gama. Ta ce, "Bawana dogo ne." Baffa kuwa in ya tsaya kusa da turmi sai an duba a gane wanda ya fi tsawo. Damina ta wuce, bargo ya kai tsawon mutum biyu. Aka yi kaka, ya fita daga ɗakinta ya shiga tsakar gida. Kaji suka fara ƙwai a wancan ƙarshen ba ta sani ba, saboda nisa. Masu zuwa gaisuwa suka daina tambayar lafiyarta, sai su ce, "Ina kwana Gwaggo, ina bargo ya kwana?" Ni da kaina na ba da labari a kasuwa cewa ma'aikatan ruwa sun zo aronsa za su rufe dam kada rana ta shanye, kuma wallahi an sami wanda ya yarda.

Muna ta dariya har sanyi ya shigo. Sanyin nan Baffa ya yi shi cikin tsummansa, labari ya zo cewa har ya kwanta, ba ya fita masallaci. Dariyar ta fara fita daga raina. Wata rana da la'asar na same ta bayan rumbu na ce, "Gwaggo, don Allah ya isa haka. Mutumin nan fa yana jin jiki."

Ta duba hagu, ta duba dama. Ta ce, "Babana, rufe bakinka kafin ka buɗe kunnenka. Ban iya rufe shi ba."

"Rufe me?"

"Bakin bargon, sakarai! Matar nan ta koya mini farawa, ta koya mini tafiya, ba ta koya mini tsayawa ba aka ɗauke mijinta. Na ɗauka in na kai wurin zan gane. Ka ga waɗannan?" Ta nuna mini 'yan zobban zaren da ke jere a kan gora. "Ido ake ce musu. In na zare gorar, kowane ido sai ya gudu ƙasa. Na gwada a wani ƙyalle, ya tsiyaye kamar kunu. In kuwa na ajiye aikin za a ce me ya hana ki cirewa. Shi ya sa nake ta tafiya."

Na so in yi dariya, amma na ga idonta. Ta ce in nemo mata wanda ya iya, a asirce, kada iska ma ta kai labari Doguwa.

Nan na zama ɗan leƙen asirin saƙa, ina tafe da kwandon kifi a bayan keke. A Bebeji na sami matan da suke saƙa, amma da kwarashi suke yi, ƙugiya ɗaya, suka ce tsinke biyu ba layinsu ba ne. A Kiru wani tela ya ce in kawo ya datse bakin da keke kafin in gama cin goro. Na ce an hana keke, ya ce to an hana ni zaman lafiya. A Tudun Wada aka nuna mini wata ma'aikaciyar asibiti da ta iya. Ta yi ta zana mini da yatsa a iska, ni kuwa kamar ana yi wa jaki karatu. Ta ce in kawo aikin ta gani. Na dawo na gaya wa Gwaggo, ta ce, "A ɗauki wannan dutsen a bi da shi ta tasha? Direbobin Doguwa makafi ne?" Ta ƙi. Ita ma matar ba ta sami sukunin zuwa ba, har aka mayar da ita wani gari.

Allah Ya sa Baffa ya tashi daga wannan kwanciya, amma ya tashi rabi. Bazara ta wuce, wata damina ta wuce, bargo yana ta tafiya, wani sanyin yana matsowa. Sai uwargidana ta haihu da kaka, aka sa ranar suna, aka ce Baffa zai zo.

Ana gobe suna Gwaggo ta ce mini, "Ka shimfiɗa masa tabarma kusa da ni. In an yanka rago, ka kwance igiyar ka yar a gefen tabarmar."

"Gwaggo, in ya zauna kusa ai zai gane."

"To da me nake so?"

"Zai tona ki gaban dangi kaf. Har ki mutu ba za ki huta da gori ba."

Ta ce, "Gori ba ya sa tari. Yi abin da na ce."

Ku da ba ku san ta ba, ba za ku gane nauyin wannan magana ba. Matar da ba ta taɓa cewa "ban sani ba" tun da aka haife ta, ko hanyar garin da ba ta taɓa zuwa ba ka tambaye ta sai ta kwatanta maka.

Da hantsi bayan an raɗa suna, Baffa ya shigo cikin gida, ya rame har rigarsa tana neman wanda za ta zauna a kansa. Ya zauna, ya yi tari mai tsawo. Gwaggo ta jawo bakin bargon ta ɗora a cinya, daidai idonsa. Ba ta tsokane shi ba. Ta ja gora baya kaɗan, ido ɗaya ya faɗi, ya fara gudu ƙasa, ta yi sauri ta cafko shi ta mayar. Ta sake ja, ya sake gudu, ta sake mayarwa. Sannan ta ajiye hannuwanta a kai, ta dubi kaji.

Baffa ya dubi bakin bargon. Ya bi tsawonsa da ido har inda ya sha kwana ya shige ɗaki. Ya dawo ya dube ta. Na ga lokacin da ya gane, domin gemunsa ya ɗaga. Tsakar gida cike take da mata da dangi, kalma ɗaya zai faɗa a yi shekara ana maimaitawa. Ya buɗe baki. Ni har na runtse ido.

Sai na ji ya ce, "Kai! Wane ne ya yar da igiya haka?"

Na ce, "Ni ne, Baffa."

"Ga furfura a gemu, ko naɗe igiya ba ka iya ba. Tsuguna in koya maka."

Na tsuguna. Ya ɗauki igiyar rago da hannun nan nasa mai rawa, ya yi zobe. "Ka ga wannan ido? Ba a sakinsa haka kawai, guduwa zai yi. Na kusa da shi za ka zura a cikinsa, sannan ka sake shi. Shi ma wancan ka zura masa na gaba. Ido cikin ido, ido cikin ido. In ka kai na ƙarshe, ka zura masa wutsiya ka ja. Ka gane?"

"Na gane, Baffa."

"Ba ka gane ba, kanka kamar na tarwaɗa. Sake kallo."

Ya warware ya sake, a hankali, ya ɗaga hannu sama yadda ko wanda ke bayan katanga zai gani. Gwaggo tana ta kallon kaji, amma ƙwayar idonta ta taru a gefe har na ji tsoron kada ta faɗo. Da ya gama sai ta ce, "Ku tashi mini daga nan da surutun igiya, mutum yana da aiki."

Kafin la'asar ta fito, gora biyu a hannu ɗaya, ba komai a kansu. Ta jefa su gaban Baffa ta ce, "Bawana, ja."

Ya kama baki ya ja. Shiru. Ya sa ƙafa ya taka ya ja. Shiru. Ya ce in kama masa, muka ja tare har na ji bayana ya yi ƙara. Na so a ɗaura wa jaki, liman ya ce ya isa, shaida ta tabbata. Mata suka rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka ɗauka wata haihuwar aka sake yi.

Baffa ya ce, "To, na ji. Sai bazara in zo in ɗauka."

Ta ce, "Kasuwa ce sai bazara. Kwana kuwa daga bana ne. Malam yana nan."

Jaki ne ya kai bargon tasha, yana tafe yana waiwayena da ido kamar na ci amanarsa. Direban Doguwa ya ce sai dai a ba bargon wurin mutum biyu, shi Baffa ya zauna a kansa.

Har ta koma ga Allah, Gwaggo tana cewa ita ta gano rufin da basirarta, a mafarki ma ta fara gani. Baffa kuma har gobe yana cewa shi igiya ya koya wa wani sakarai. Ni ne sakaran, kuma ban taɓa ƙaryata ko ɗayansu ba.

Ranar kasuwa kuwa, kai jama'a! Bazara ta kai inda ƙadangare yake tafiya da ƙafa bibbiyu don kada ya ƙone. Rana ta take tsaka, sai ga Baffa ya sauko daga mota, ya naɗa bargo ya naɗa ya sake naɗawa, duk da haka saura yana jan ƙasa, ni ina riƙe da jelar kamar zagin amarya. Gwaggo ta hau kan buhunan masara ta harɗe, tana ba da umarni. "Ba ka bi ta 'yan tumaki ba! Koma!" Masu shayi suka bar tukunya, mahauta suka bar nama, wata motar Zariya ta tsaya fasinja suka sauko kallo. Wani ya ce, "Baba, zazzaɓi ne?" Baffa ya ce, "A'a ɗana, taubashiya ce. Allah Ya raba ka da irinta." Gumin da ya zuba a ranar, an ce wurin har yanzu ciyawa ba ta bushewa. Da ya kammala zagaye ya zo gabanta, ta miƙa masa ƙwaryar fura mai sanyi da ta ɓoye a bayan buhu, ta ce, "Sha, kada ka mutu a ce ni ce."

Abin da ya fi kasuwar muhimmanci a wurinta shi ne labarin da ya riga ya zo tun cikin sanyi: Baffa yana fita sallar asuba, tarin ya ja baya. Ɗansa ya ce mini da hantsi tsofaffin unguwa sukan jeru a jikin bangon masallaci, su duka cikin bargon, kawuna kawai a waje kamar 'yan tsaki. Ko da na gaya mata, ba ta ce alhamdu lillahi a gabana ba. Cewa ta yi, "Ka ce masa kada ya bari su zuba mini miyan goro a kai."

Daga nan kuma sabuwar gardama ta buɗe. Duk wanda zai sauko daga Doguwa sai Baffa ya ba shi saƙo: a gaya wa Uwar Surutu bargonta yana da ƙaiƙayi, yana da nauyi, ya danne masa haƙarƙari, ta sake shi haka nan. Ita kuma ta mayar da amsa: "Ka ce wa bawana uwargijiyarsa ta ji, ta ƙi."

Ciwonta bai yi tsawo ba. Da ta ji jiki ya yi nauyi, ta sa aka tara mu da safe, ta nemi gafarar kowa ɗaya bayan ɗaya, har da ladan, har da masunta. Ta ce ita ma ta yafe wa kowa, duniya da lahira. Muna ta sharar hawaye. Sai ta yafito ni da yatsa, na kai kunne. Ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita mata don kada in ƙara gishiri.

Baffa bai iya zuwa jana'iza ba, ƙafa ta ƙi. Bayan sadakar uku na hau mota na bi ta Tudun Wada na ratsa daji na same shi zaune a ƙofar ɗakinsa. Labari ya riga ni. Na yi masa gaisuwa, ya yi mini, muka yi mata addu'a.

Ya ce, "Ta bar magana?"

"Ta bari, Baffa. Ta ce ta yafe maka komai, tun daga mazarinta da ka karya kuna yara har zuwa komar kifi da ka kira aikinta. Ta ce kai ma ka yafe mata."

"Na yafe. Shi ke nan?"

"Ta ce ban da bargo. Wannan ba ta sake ka ba."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Ka ji muguwa. Ta tafi inda ba a aika mata saƙo." Ya sa bakin rawani ya goge ido. Can ya ce, "Shiga ɗaki ka ɗauko mini shi."

Na ce, "Baffa, ai sanyi bai zo ba tukuna."

Ya ce, "Na sani. Ɗauko."

Ya Allah, Ka yalwata wa Gwaggo makwancinta, Ka lulluɓe ta da rahamarKa kamar yadda ta lulluɓe bayinKa, Ka yafe mata faɗan da ta yi mana, domin mu mun ci ribarsa. Amin.